Garin Neman Gira: Ni, Da Maka, Da Motar Yaya

Mai karatu, idan kana kallon fim ɗin Hausa ka ga jarumi ya fito daga wata tsaleliyar mota yana kaɗa makulli a yatsa, to ka sani sau tari akwai wani bawan Allah a bayan kyamara wanda sam hankalinsa ba ya kan wasan. Shi ne wanda ya je ya aro motar. Idonsa na kan ƙofa kada a buga ta da ƙarfi, yana kan yaran unguwa kada wani ya jingina keke a jikinta, ba zai samu natsuwa ba sai ya mayar wa mai abu abinsa lafiya. A da can, lokacin da nake ɗan leƙa abokaina a lokeshin, babu wanda nake yi wa tsiya kamar irin waɗannan mutane. Nakan ce, "Haba, mota ce fa, ba ƙwai ba!" Ashe tawa ranar tana nan tafe. Sai a shekarar 2023 na san abin da suke ji. Kuma abin da ya jawo mini ba hatsari ba ne, ba ɓarayi ba ne, wani ɗan alƙalami ne da bai fi tsawon tafin hannu ba.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Shi ya biya mini kuɗin makaranta, shi ya tsaya mini a aure. Mutum ne da abin duniya bai dame shi ba, in ka cire abu guda: motarsa, Peugeot 406 ruwan azurfa, irin haɗin Kaduna. Ba sabuwa ba ce, ta doshi shekara ashirin, amma wallahi in ka gan ta sai ka rantse jiya ta baro kamfani. Da kansa yake wanke ta duk safiyar Asabar. Babban abin alfaharinsa shi ne fentinta na asali ne, ba a taɓa fesa ta ba, kuma duk wanda ya san titunan Kano da yadda masu Adaidaita Sahu ke kutse ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To a wannan shekarar Allah ya kira Yaya aikin Hajji shi da maiɗakinsa. Ana gobe za su shiga sansanin alhazai ya tuƙo motar har gidana, ya ajiye ta a ɗan filin da ke cikin get, ƙarƙashin darbejiya, ya miƙo mini makulli.

"Ga ta nan, amana," in ji shi. "Ban ce kada ka hau ba, amma kada ka ba yaran nan nawa ko sun zo da kuka."

Na ce, "Yaya, in Allah ya yarda yadda ka bar ta haka za ka same ta."

Hawan ma bai taso ba, domin kwanaki kaɗan kafin nan ne, ranar 29 ga Mayu, aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta haura naira 500 a Kano. Sai dai duk bayan kwana biyu in tayar da ita don kada batir ya kwanta. Maƙwabta kuwa duk wanda ya leƙo sai ya ce, "Malam, an yi mota ne? Allah ya sanya alheri!" Ni kuma in ce, "A'a, ta Baffan yaran nan ce, ajiya ya ba ni." Na faɗi wannan magana ta fi a ƙirga, ban san akwai wata 'yar kunne da ke naɗe ta ba.

A daidai wannan lokacin damina ta fara kankama, ɗakin da nake ajiye tarkacena ya soma yoyo. A cikinsa ne nake da kaset-kaset na bidiyo da faya-fayan sidi da littattafan Hausa da na tara tun zamanin da ake cincirindo a shagunan Bata domin sayen sabon fim. Yau dai komai ya koma waya, ko na'urar kallon kaset ɗin ma ba ni da ita, amma zuciyata ta ƙi yarda in zubar. Sai na samo kwalaye, na sayo alƙalamin nan mai kaurin baki da muke kira maka, baƙa, irin wadda ba ta goguwa, wadda da ita muka saba rubuta sunan fim a bayan faifai. Na zauna ina jerawa ina rubutawa: wannan finafinan 2000 zuwa 2003, wannan littattafai, wannan na aro ne a mayar.

'Yar autata, mai shekara shida, tana durƙushe kusa da ni. Lokacin ta fara iya haɗa baƙi, duk abin da ta gani sai ta karanta, har rubutun buhun shinkafa. Ta ce, "Abba, me ya sa kake rubutu a jikin kwali?" Ko ɗago kai ban yi ba na ce, "Don a san na waye, kada wani ya ɗauka." Da na gama na bar makar a kan tabarma na shiga wanka.

Washegari Asabar, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na fito zan tayar da mota. Mai karatu, abin da na gani sai da gwiwoyina suka yi sanyi. A jikin ƙofar direba, daga wannan gefe zuwa wancan, an rubuta da manyan baƙaƙe: MOTAR BAFFA. Harafin R ɗin ma a juye yake. A ƙarƙashi kuma an zana wani abu mai fikafikai da tagogi, jirgin sama ke nan. Baƙar tawada a kan ruwan azurfa, ko daga bakin titi za ka iya karantawa.

Ba sai na yi tambaya ba. Na ƙwala mata kira, ta fito da gudu tana murmushi, yatsunta duk tawada, da alama jira take in yaba. Ban bari ta buɗe baki ba. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, na kama hannun nan na dama na ɗaɗa masa duka har sau biyu. Ba ta ma yi kuka nan take ba, kallona kawai ta yi, sannan ta juya ta shige ɗakin uwarta. A lokacin ko a jikina, hankalina duk yana kan ƙofar mota.

Na ɗebo ruwa da omo na wanke, na sake wankewa. Rubutu ya ce bai san zance ba, sai ma ƙara sheƙi da ya yi. Kafin ka ce kwabo 'yan majalisar ƙofar gida sun shigo, kowa ya zama gwani. Wani ya ce fetur, aka ce masa fetur ɗin da na zubawa a tanki ma ya gagara? Wani ya ce man birki, wai babu abin da ba ya cirewa. Wani ya ce a kankare da reza a hankali. Wani matashi da ya taɓa bin masu fentin gida ya ce shi dai a ba shi minti biyar, ya ruga ya dawo da tina a cikin robar ruwa. Ni kuwa ido ya rufe, na aika aka ɗauko mini soson ƙarfe na wanke tukunya, na tsoma a tina, na hau harafin farko da dirza iya ƙarfina.

Kai, tawada ta fita! Har na fara hamdala, na wuce harafi na biyu. Sai da wurin ya bushe sannan na ga aika-aikar da na yi. Inda M da O suke, ƙyallin fentin ya mutu murus. Wurin ya yi fari-fari, ya yi dishi-dishi, duk zane-zanen soso, kamar ƙyasbi a fuskar amarya. Na shafa da hannu na ji kaushi. Na zuba ruwa ya yi kamar ya dawo, yana bushewa ya koma. Majalisa ta yi tsit, ɗaya bayan ɗaya kowa ya tuna yana da uzuri. Uwargida ce ta leƙo ta ce, "Malam, don girman Allah ka ajiye soson nan haka. Garin neman gira za ka rasa ido." Na ajiye, amma aikin gama ya riga ya gama.

Bayan sallar La'asar na haɗu da wani maƙwabcinmu, malamin kimiyya a makarantar sakandare, mutum mai sanyin hali. Na ba shi labari. Ya ce in jira shi. Ya shiga gida ya fito da abu uku: makar farin allo irin wadda yake koyarwa da ita, 'yar kwalbar sifirit na kyamis wanda ake goge wurin allura da shi, da tsohuwar singileti mai laushi, wankakkiya. Da na ga maka a hannunsa na ce, "Malam, maka ce fa ta jawo mini wannan bala'in, wata za ka ƙara?" Ya yi dariya ya ce in kawo masa faifan sidi guda da na yi wa rubutu. Ya bi kan rubutun da makar allo, ya goge da ƙyalle nan take. Faifai ya fito fes kamar ba a taɓa rubutu a kansa ba. Na riƙe baki.

A nan ya yi mini bayanin da har gobe ba zan manta ba. Ya ce tawadar maka abu uku ce a haɗe: akwai launi, akwai wani irin ƙaro mai liƙe launin a jikin abu, sannan akwai ruwan da ya narkar da su biyun, wanda galibi dangin sifirit ne. Warin nan da kake ji in ka buɗe murfi, ruwan ne ke tashi. Da ka yi rubutu, cikin 'yan daƙiƙoƙi ruwan ya bi iska, ya bar ƙaro riƙe da launi. Shi wannan ƙaro ruwa ba ya narkar da shi, shi ya sa ko kogi ka juye masa da omo ba zai motsa ba. Abin da Turawa suke nufi ke nan da suka rubuta a jikinta cewa mai dawwama ce: ba ta jin ruwa, ba wai babu abin da ke cire ta ba. Ya ce irin wannan alƙalami ya yaɗu ne tun bayan da kamfanin Sanford na Amurka ya fito da Sharpie a 1964, kuma an yi shi ne domin ya kama kwalba da ƙarfe da roba, wuraren da biro ba ya kamawa.

Ita kuwa makar farin allo, in ji shi, ruwanta kusan iri ɗaya ne da na waccan, sai dai maimakon ƙaro mai liƙewa an sa mata wani sinadari mai santsi da ke hana ta kama allo. Saboda haka in ka bi kan tsohon rubutu da ita, ruwanta zai sake narkar da busasshiyar tawadar, santsin kuma ya hana ta komawa, sai ka ɗauke su tare kafin su bushe. Ya ƙara da cewa a takarda ko a tufafi tawada nitsewa take yi cikin zare, shi ya sa fitar da ita ke da wuya. Amma a jikin mota babu inda za ta shiga da sauri, a sama take zaune. "Ka ga ke nan," in ji shi, "ba ƙarfi take so ba, abin da zai narkar da ita take so."

Bai taɓa ƙofar kai-tsaye ba. Sai da ya sa aka sake ɗauraye wurin aka tsane, domin a cewarsa ƙurar da ke jikin mota yashi ce, in ka goga da ita a kai ka yi wa fenti samfefa da hannunka. Ya ɗora bayan hannunsa a jikin ƙarfen ya tabbatar ya huce. Sannan ya buɗe ƙofa, ya ɗiga sifirit a ƙyalle, ya gwada a wani lungu na ciki inda ido ba ya kaiwa, ya jira, ya duba ƙyallen ya ga babu launin mota a jiki. Daga nan ya fara da harafin T. Ya bi kansa da makar allo, gaɓa guda, ya goge, ya juya ƙyalle zuwa wuri mai tsabta, ya sake. Ba dirza, ba gaggawa, kamar mai share wa jariri fuska. Inda ya rage ɗan duhu-duhu ya dangwala sifirit ya ɗauke. Kafin a kira Magariba, TAR BAFFA da jirgin sama duk sun tafi, wurin yana ɗaukar ido. Abin da ya rage a ƙofar nan guda ɗaya ne: tabon da na yi da hannuna.

Ranar Litinin na ɗauki motar, da ɗan man da ya rage, na nufi wani gareji a wajen Ƙofar Ruwa inda aka yi mini kwatancen wani dattijo mai fentin mota. Ya zagaya ta, ya karkata kai yana kallon ƙofar ta gefe inda haske ke faɗuwa, ya shafa da yatsa.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan aikin?"

Na ce, "Baba, yarinya ce ta yi rubutu da maka."

Ya ce, "Ban tambaye ka rubutu ba. Maka ba ta yin haka. Wannan soson ƙarfe ne da tina."

Na sunkuyar da kai na ce ni ne.

Ya jawo benci ya ce in zauna. Ya ce mutane suna ganin fentin mota kamar wani abu ne mai kauri, alhali riguna ne marasa kauri aka jera. Akwai ta ƙasa mai hana tsatsa da kama ƙarfe, akwai ta tsakiya mai launi, sannan ta sama wadda ba ta da launi ko kaɗan, garau take kamar gilashi. Ita ce ke ba mota ƙyalli, ita ce ke kare launin daga rana da ruwa. Duk ka haɗa su, a fentin kamfani, da kaɗan suka fi kaurin takardar littafi, ita kuma ta saman ba ta wuce kamar rabin takardar ba. Ya ce tina an yi ta ne domin narkar da fenti, to me kake jira in ka zuba ta a kan fenti? Ta tausasa rigar saman, soso kuma ya yage ta. Da na gaya masa har man birki aka ce in sa, sai ya yi salati. Ya ce in man birki ya zauna a jikin mota, cikin ɗan lokaci fenti zai kumbura ya saɓule, har ƙarfe ya fito. Haka abin goge jan farce na mata, shi ma in ya jima yana cin fenti.

Ya ɗauko man folish mai laushi ya bi duk ƙofar, ya shafe ta da man kaki, domin ya ce sifirit yana wanke kakin da ke jikin mota, dole a mayar. Gefen tabon ya ɗan farfaɗo, amma tsakiyarsa, wuri kamar faɗin tafin hannu, ya ce na riga na huda rigar saman, babu folish ɗin da zai dawo da abin da babu. Magani ɗaya ne, a fesa ƙofar gaba ɗaya. Ya kuma gaya mini gaskiya: ruwan azurfa yana cikin launuka masu wuyar dacewa, balle wanda ya sha ranar shekara ashirin. Ko ya yi iya ƙoƙarinsa, mai motar da ya san abarsa zai gane.

To mai karatu, tun da na biya kuɗin wannan karatu da tsada, bari in ba ka shi kyauta. In ka wayi gari ka ga an yi wa motarka rubutu da maka, ko yaro ne, ko wani mai neman fitina, abu na farko shi ne ka kwantar da hankalinka, amma kada ka bar shi ya kwana biyu a rana, domin zafi yana sa launin ya fara ratsa rigar saman ya bar inuwa. Ka kai motar inuwa, ka bari ƙarfen ya huce, ka wanke ƙura. Ka nemi ƙyalle mai laushi, ba buhu ba, ba tsumman da aka goge inji da shi ba. Ka fara da abu mafi sauƙi: makar farin allo, ko sifirit na kyamis, ko man tsaftace hannun nan da ya cika gari tun zamanin korona a 2020, shi ma sifirit ne a cikinsa. Man feshi na WD-40 da makanikai ke kwance noti da shi yana taimakawa, sai dai a wanke maiƙonsa daga baya. A ƙyalle ake zubawa, ba a jikin mota ba. Kaɗan-kaɗan ake yi, ana juya ƙyalle, don kada ka baza tawadar. In an gama a ɗauraye da ruwa, a shafa kaki.

Kuma kowane ne za ka yi amfani da shi, ka fara gwadawa a ɓoyayyen wuri. Wannan ya fi zama dole ga motar da aka taɓa fesawa a gareji, domin irin wannan fenti sau da yawa bai kai na kamfani tauri ba, wani ma ba shi da rigar saman. In ka ga launin motar ya fito a ƙyalle, tsaya nan, ka nemi mai fenti. Ka yi hattara da gilashin fitilun gaba, roba ce, sifirit na iya dusasar da ita, haka baƙar robar bamba marar fenti, ita tana shan tawada. In ɗan duhu ya rage bayan ka gama, folish mai laushi zai ɗauke shi. Amma tina, man birki, reza, samfefa da soson ƙarfe, ka nisanta su da motarka kamar yadda kake nisanta ashana da fetur.

Na dawo gida da mota da tabonta, sai kuma wani sabon yaƙi ya tashi a zuciyata. Saura 'yan makonni alhazai su fara dawowa. Shaiɗan ya kawo mini shawara biyu. Ta farko in ci bashi a fesa ƙofar in yi shiru. Ta biyu ta fi sauƙi, kuma ita ta fi ba ni kunya yanzu: in ce wa Yaya, "Auta ce ta yi rubutu, garin gogewa wurin ya zama haka." Ka ga babu ƙarya a ciki ko ɗaya, amma duk wanda ya ji zai ɗora laifin a kan yarinya. Na san Yaya ba zai yi fushi da 'yar shekara shida ba, shi ke nan na tsira. Har na gwada faɗin maganar a gaban uwargida don in ji yadda za ta zauna. Ta dube ni ta ce, "Malam, rubutun yarinya ai ya fita tas. Wanda ya rage naka ne." Ban ce uffan ba, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ita ce kuma ta jawo hankalina kan abin da ban lura da shi ba. Tun ranar Asabar ɗin nan Auta ba ta sake riƙe fensir da son ranta ba. Aikin gida na makaranta sai an yi da gaske, tana yi tana waige. Yarinyar da ke karanta buhun shinkafa ta daina. In na shigo gida sai ta ɓoye hannunta a bayanta. Da daddare na kira ta, na ɗora ta a cinya, na tambaye ta a hankali abin da ya kamata in tambaya tun ranar farko: me ya sa ta yi rubutun? Ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta, sannan ta ce, "Abba, ai kai ka ce ana rubuta suna don kada wani ya ɗauka. Mutane suna ta cewa taka ce." Na ce to jirgin fa? Ta ce shi ne wanda zai dawo da Baffa.

Jama'a, ashe amanar da nake ta haƙilon karewa, ita ma ita take karewa, da iyakar ilmin da ni na ba ta. Na ba ta haƙuri, abin da ban taɓa tunanin zan yi wa ɗan cikina ba. Na nuna mata cewa ba a rubutu a jikin mota ko bango, na kuma gaya mata dukan da na yi mata kuskure ne. Washegari na sayo mata ɗan farin allo da makarsa. Sai da aka ɗauki kwanaki kafin ta saki jiki da shi. Tawadar da ke jikin ƙarfe ba ta ɗauki awa biyu ba ta fita, amma wadda na zuba a zuciyar yarinya ta fi mako biyu ina bi a hankali.

A watan Yuli su Yaya suka sauka lafiya. Na bari sai da 'yan barka da zuwa suka ragu, aka raba dabino da zamzam, sannan na kai masa motar. Kafin ya zagayo na ce, "Yaya, akwai maganar da zan gaya maka." Na kai shi gaban ƙofar, na ba shi labari tun daga kwalaye har garejin dattijo, ban rage komai ba, na ce a shirye nake in biya kuɗin fenti. Ya durƙusa ya shafa wurin, ya daɗe bai yi magana ba.

"Ba zan ɓoye maka ba, ban ji daɗi ba," in ji shi. "Shekara nawa ina lallaɓa ta."

Na ce, "Na sani, Yaya. Ka yafe mini."

Ya miƙe ya kaɗe gwiwa. "An ɗauki hoton rubutun kafin a goge?"

Na ce a'a, ko tunanin haka ban yi ba.

Ya girgiza kai ya ce, "Ka goge mini rubutun 'yata, ka bar mini naka." Sannan ya ce maganar fesawa a bar ta, fentin kamfani sau ɗaya ake yin sa, ya fi son tabo a kan na asali da a rufe masa ido da sabo. Da muka je gida da yamma ya aika aka kira Auta, ya ba ta tsarabarta, ya ce ta ɗauko allonta ta rubuta masa abin da ta rubuta a mota ya gani. Ta kalle ni, na gyaɗa kai. Ta rubuta, wannan karon R ɗin ta fuskanci daidai.

Tabon yana nan a ƙofar direba, dattijon ya ɗan shafe tsakiyarsa don kada rana ta ci launin, amma duk wanda ya matso zai gani. Duk sanda Yaya ya zo gidana na fita raka shi, idona sai ya sauka a wurin. Makata kuwa yanzu a saman kwaba take kwana. In kuma na ga ɗa ya yi ɓarna, nakan yi ƙoƙari in fara da tambaya kafin hannu, duk da ba kullum nake cin nasara ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya raba mu da aikin da-na-sani, amin.